Lissafin Layi: Yadda Ake Rage Dogon Jira a Rumfunan Zaɓe

A daren 6 ga Nuwamban 2012, lokacin da kafafen yaɗa labarai suka riga suka bayyana cewa Barack Obama ya sake lashe zaɓen shugabancin Amurka, akwai mutane a wasu rumfunan gundumar Miami-Dade da ke jihar Filorida waɗanda har lokacin suna tsaye a kan layi, ba su kai ga jefa ƙuri'arsu ba. Da ya zo jawabin godiya a Shikago, Obama ya ambaci waɗanda suka daɗe suna jira, ya kuma ce dole a gyara wannan matsala. Bayan 'yan watanni ya gayyaci wata dattijuwa mai shekara 102, Desiline Victor, zuwa zauren majalisar dokoki a matsayin baƙuwa, domin ita ma ta je jefa ƙuri'a a arewacin Miami an gaya mata jiran zai iya kaiwa awa shida.

A watan Maris na 2013 aka kafa kwamitin shugaban ƙasa kan gudanar da zaɓe, ƙarƙashin lauyoyi biyu daga jam'iyyun da ke hamayya da juna, Robert Bauer da Benjamin Ginsberg. Rahoton da suka miƙa a Janairun 2014 ya kafa ma'auni guda: bai kamata wani ɗan ƙasa ya jira fiye da minti 30 kafin ya yi zaɓe ba. Sun kuma shawarci jami'an zaɓe su daina raba na'urori da ma'aikata da ƙiyasin ido, su koma ga wani reshen lissafi da bankuna da asibitoci da kamfanonin waya suka daɗe suna aiki da shi. Wannan reshe shi ne lissafin layi.

Daga wayar tarho zuwa akwatin zaɓe

Asalin ilimin ba shi da alaƙa da siyasa. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak, Agner Krarup Erlang, yana aiki da kamfanin wayar tarho na birnin Kopenhagen, sai aka fuskanci tambayar ko layukan waya nawa ya kamata a shimfiɗa don kada masu kira su riƙa tarar da hanya a cike. Idan an shimfiɗa kaɗan mutane za su yi ta jira, idan an shimfiɗa da yawa an yi asarar kuɗi a kan wayoyin da za su wuni babu mai amfani da su. A 1909 ya wallafa aikinsa na farko a kan haka, daga nan kuma ilimin ya bazu zuwa duk inda ake da masu zuwa neman hidima da masu ba da ita.

Abubuwa uku ne ginshiƙinsa. Akwai yawan isowa, wato mutum nawa ke zuwa a cikin awa ɗaya. Akwai lokacin hidima, wato minti nawa ake ɗauka kafin a sallami mutum guda. Sannan akwai yawan guraben hidima, ko tebur ne, ko na'ura, ko ɗan keɓantaccen wurin dangwala ƙuri'a. Idan aka haɗa ukun sai a sami abin da za a iya kira nauyin aiki: kason lokacin da gurbin hidima yake cikin aiki ba hutu. Teburin da ke iya sallamar mutum 60 a awa, idan mutum 30 ne ke zuwa masa, nauyinsa kashi 50 ne cikin ɗari. Idan 54 ne, nauyin ya kai kashi 90.

Duk wanda ya taɓa ajiye kwanon hatsi a layin injin niƙa ya san waɗannan abubuwa ko da bai san sunayensu ba. Abin da lissafin ya ƙara shi ne nuna yadda suke haɗuwa, kuma sakamakon ya saɓa wa abin da hankali ke fara zato.

Me ya sa layi ke tsawo farat ɗaya

Da a ce mutane suna isowa ɗaya bayan ɗaya a tazara madaidaiciya, kowa kuma yana ɗaukar minti ɗaya cur, to teburin da ke da nauyin kashi 90 ba zai tara layi ba ko kaɗan. Amma ba haka masu zaɓe ke zuwa ba. Mota ta sauke mutum goma a lokaci guda, sannan a yi minti biyar babu kowa. Wani an ga sunansa nan take, wani kuma ya canja gida ko an rubuta sunansa ba daidai ba, sai an yi minti shida ana bincike. Minti biyar ɗin da ma'aikaci ya zauna babu kowa a gabansa sun tafi ke nan, ba a ajiye su don a biya bashin cunkoson da zai zo daga baya, alhali duk wanda bai samu shiga ba yana nan a tsaye yana ƙaruwa a kan na baya. Daga wannan rashin daidaito layi ke samuwa, ko da a jimlar wuni teburin yana da ƙarfin sallamar kowa.

A samfurin lissafi mafi sauƙi, mai tebur ɗaya da isowa ta kan-mai-uwa-da-wabi, matsakaicin jira yana fitowa ne idan aka raba nauyin aiki da ragowar da ta saura ya cika ɗari, sannan aka ninka da lokacin hidima. A ɗauka lokacin hidima minti ɗaya ne. Idan nauyin kashi 50 ne, jiran minti ɗaya ne. Idan ya kai kashi 80, jiran ya zama minti 4. A kashi 90 minti 9 ne, a kashi 95 kuma minti 19. Ƙarin mutum 18 a awa, daga 30 zuwa 48, ya ƙara minti uku kacal, amma ƙarin mutum uku, daga 54 zuwa 57, ya ƙara minti goma. Da zarar masu isowa sun kai ko sun zarce 60 a awa, layin ba ya da inda zai tsaya, tsawo kawai zai yi ta yi har sai isowar ta ragu.

Wannan shi ya sa rumfuna biyu da ke unguwa ɗaya, masu kusan adadin masu rajista iri ɗaya, ɗaya za ta wuni lafiya ɗayar kuma layinta ya zagaye gini. Bambancin da ke tsakaninsu na iya zama ɗan ƙanƙani, kamar ƙarin daƙiƙa goma a wurin duba suna ko na'ura ɗaya da ta tsaya. Haka kuma gyaran na iya zama ɗan ƙanƙani: tebur ɗaya da aka ƙara a rumfar da ke bakin iyakarta ya fi tebur biyar da aka ƙara a rumfunan da dama ba su cika ba. Jami'in da ya yi alfahari cewa ma'aikatansa ba su zauna ba ko na minti ɗaya, a idon wannan lissafi yana bayar da labarin rumfar da ba a bar mata sarari ba.

Rumfa ɗaya, matakai uku

A yawancin rumfunan Amurka mai zaɓe yana bi ta matakai uku. Da farko teburin da ake duba sunansa a rajista, sai wurin da zai keɓe ya cike takardar ƙuri'a ko ya taɓa allon na'ura, sai kuma na'urar da ke karɓar takardar ta karanta. Kowane mataki layi ne mai zaman kansa, kuma saurin rumfar baki ɗaya ba ya wuce saurin matakin da ya fi jinkiri. Idan teburin duba suna ne ke riƙe mutane, ƙara wuraren dangwala ba zai rage komai ba, za su tsaya ne babu kowa a ciki alhali layi na waje. Idan kuma aka hanzarta teburin ba tare da duba abin da ke gabansa ba, cunkoson zai tashi daga ƙofa ya koma tsakiyar ɗaki.

Abin da ya faru a Filorida a 2012 ya nuna muhimmancin mataki na biyu. A Amurka ana haɗa zaɓuka da yawa a takarda ɗaya, daga shugaban ƙasa har alƙalai da hukumomin makarantu, kuma a waccan shekarar majalisar jihar ta ɗora gyare-gyaren tsarin mulki har 11 a kan takardar, wasu da dogon rubutu. A wasu gundumomi takardar ta kai shafuka da yawa, a Miami-Dade kuma an buga ta da harsuna uku. Lissafin a nan mai sauƙi ne. Idan mutum 120 ke zuwa a awa, kowa yana ɗaukar minti 5 yana cike takarda, ana buƙatar wurin dangwala 10 don a yi kunnen doki kawai, 12 ko 13 don a sami sarari. Idan takardar ta yi tsawo har ta kai minti 8, buƙatar ta haura 16, kuma kowane shafi sai an saka shi a na'urar karantawa daban. A kan wannan kuma, dokar da jihar ta yi a 2011 ta rage ranakun zaɓen wuri, wato jefa ƙuri'a kafin ranar zaɓe, daga 14 zuwa 8. Lokacin hidima ya ƙaru, kwanakin da za a baza masu zuwa sun ragu. Binciken da Charles Stewart na jami'ar MIT ke jagoranta ya nuna matsakaicin jira a Filorida ya kai kusan minti 45, mafi tsawo a ƙasar, alhali matsakaicin ƙasa baki ɗaya bai kai kwata ɗin awa ba.

Dokokin jihohi da dama suna raba kayan aiki ne da adadin masu rajista, na'ura ɗaya ga mutum kaza. Wannan ƙa'ida tana da kamannin adalci, sai dai ba ta san tsawon takarda ba, ba ta san unguwar da ke da sababbin masu zaɓe ko masu buƙatar tafinta ba, ba ta kuma san mutum nawa suka riga suka yi zaɓe ta gidan waya ba.

Akwai kuma batun yadda ake jera layin kansa. A da, da rajistar takarda, akan raba littafin gida biyu bisa harafin farko na suna, kowane rabi da teburinsa da layinsa. Sai a ga tebur ɗaya ya cika, ɗayan ma'aikacinsa na hamma. Idan tebura biyu kowanne yana da nauyin kashi 80 da layinsa daban, jiran minti 4 ne a misalin da ya gabata. Idan aka haɗa su layi ɗaya, duk teburin da ya sallami nasa ya kira na gaba, jiran ya sauko ƙasa da minti 2, ba tare da an ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba. Rajistar kwamfuta, wadda kowane tebur ke iya neman kowane suna a cikinta, ita ta sa hakan ya yiwu, ko da yake idan ta tsaya tana tsayar da teburan duka a lokaci guda.

Bashin safiya

Bayan rahoton 2014, cibiyar Bipartisan Policy Center tare da masanan MIT sun shirya wani aiki mai arha: a ba ma'aikacin rumfa takarda guda, a farkon kowace awa ya fita ya ƙirga mutum nawa ke kan layi ya rubuta. An yi haka a zaɓukan 2016 da 2018 a rumfuna masu yawa. Abu biyu suka fito fili. Mafi yawan rumfuna ba su da dogon layi, matsalar ta taru ne a 'yan tsiraru. Sannan a mafi yawan wurare layi mafi tsawo shi ne na lokacin buɗe ƙofa, na mutanen da suka yi sammako don su yi zaɓe kafin su wuce wurin aiki, tunda ranar zaɓe a Amurka Talata ce kuma ba ranar hutu ta tarayya ba ce.

Layin safiya bashi ne da rumfa ke fara wuni da shi, kuma ba da dukkan ƙarfinta take biyansa ba, sai da rarar da ta saura bayan ta sallami sababbin masu zuwa. A ɗauka mutum 100 ne a ƙofa lokacin buɗewa, teburin yana sallamar 60 a awa, wasu 50 kuma suna ci gaba da zuwa kowace awa. Layin zai riƙa raguwa da mutum 10 ne kacal a awa, wato sai an yi awa goma kafin ya ƙare. Idan aka ƙara tebur na biyu na tsawon awa biyun farko kawai, rarar ta tashi daga 10 zuwa 70, layin ya watse kafin awa ɗaya da rabi. Wannan lissafi ne kuma ke nuna tsadar makara: rumfar da ta buɗe bayan awa ɗaya da lokacinta ta tara ƙarin mutum 50, waɗanda za su ci ƙarin awa biyar kafin a share su.

Ƙirgar da ma'aikaci ke yi kowace awa tana komawa mintuna ne ta hanyar wata ƙa'ida da John Little ya tabbatar a 1961. Ƙa'idar ta ce matsakaicin yawan mutanen da ke kan layi daidai yake da yawan isowa idan an ninka shi da matsakaicin jira. Saboda haka idan matsakaicin layi mutum 40 ne, mutum 120 kuma ke zuwa a awa, wato biyu a minti, to kowa ya jira kimanin minti 20. Yawan waɗanda suka yi zaɓe dama yana rubuce a rajista, don haka alƙalami da takarda sun isa a gano rumfunan da suka tsallake minti 30. Shirin haɗin gwiwa na jami'o'in Caltech da MIT ya kuma sa wasu manhajoji a intanet kyauta, inda jami'i zai shigar da adadin da yake tsammani da lokacin hidima, a nuna masa tebur nawa da na'ura nawa yake buƙata.

Inda ake saɓani

Ba a cika jayayya a kan lissafin kansa ba. Jayayyar tana kan dalilin da ya sa wasu rumfuna ke rasa kayan aiki, da kuma abin da ya kamata a sa a gaba wajen rabo.

Jami'an zaɓe, waɗanda a Amurka ma'aikatan dubban gundumomi da garuruwa ne masu cin gashin kansu, sukan danganta dogon layi da ƙarancin kuɗi, da wahalar samun ma'aikatan wucin gadi, da kuskuren hasashen yawan masu fitowa. Suna da hujja, domin na'urar da za a saya don cunkoson awa biyu za ta shekara a ajiye a sito. Ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a kuma suna nuna cewa kuskuren ba ya faɗa wa kowa daidai. Binciken Stewart da Stephen Ansolabehere ya nuna cewa a 2012 baƙaƙen fata sun jira kimanin minti 23, farare kuma kimanin 12. Wani binciken da ya yi amfani da bayanan wayoyin hannu na zaɓen 2016 ya gano cewa mazauna unguwannin baƙaƙe zalla sun jira fiye da na unguwannin farare zalla da kashi 29 cikin ɗari. Waɗannan ƙungiyoyi suna kuma haɗa lamarin da hukuncin kotun ƙoli na 2013, wanda ya ɗauke wa wasu jihohi wajibcin neman amincewar gwamnatin tarayya kafin su sauya tsarin zaɓensu, har da rufe rumfuna. Alƙaluman sun tabbatar da bambancin, amma su kaɗai ba su raba tsakanin ganganci da sakaci da talaucin gunduma ba.

Ko da niyya ta gari, akwai zaɓin da lissafi ba zai yi wa kowa ba. Mai na'ura ɗari da rumfa hamsin zai iya raba su don matsakaicin jiran gunduma ya zama mafi ƙanƙanta, zai iya raba su don jiran da ya fi kowanne tsawo ya ragu, zai kuma iya neman kowace unguwa ta yi jira iri ɗaya. Kowace manufa tana ba da rabo daban, kuma wadda za a ɗauka hukunci ne na siyasa da doka.

Haka batun manyan cibiyoyin zaɓe, inda ake haɗe ƙananan rumfuna a bar mutum ya yi zaɓe a duk cibiyar da ya ga dama a gundumarsa, tsarin da gundumar Larimer ta jihar Kolorado ta fara a 2003. A lissafi, haɗe layuka yana rage jira. Amma hakan na tabbata ne idan jimlar ƙarfin hidima bai ragu ba, kuma yana ƙara nisan tafiya ga wanda ba shi da mota. A zaɓen fidda gwani na Maris 2016, gundumar Maricopa ta jihar Arizona ta rage wuraren zaɓe daga kimanin 200 zuwa 60 bisa zaton cewa mafi yawa za su yi zaɓe ta gidan waya, sai wasu suka jira har awa biyar. A Afrilun 2020, cikin annobar korona, birnin Milwaukee ya buɗe wurare 5 maimakon kimanin 180 saboda rashin ma'aikata.

Jihar Jojiya ta sa ma'aunin jira a cikin dokarta ta 2021: rumfar da ke da masu rajista fiye da 2,000, idan jira ya wuce awa ɗaya, dole a raba ta ko a ƙara mata kayan aiki da ma'aikata kafin babban zaɓe na gaba. Magoya bayan dokar suna kafa hujja da wannan sashe. Masu sukarta kuma suna nuna cewa ita ce ta hana ba wa masu layi ruwa ko abinci a kusa da rumfa, kuma awa ɗaya ninki biyu ne na abin da kwamitin 2014 ya ba da shawara.

Iyakar lissafin da nauyin da ke kan mai zaɓe

Ƙa'idojin da suka fi sauƙi suna ɗauka cewa isowa tana tafiya a kan mizani ɗaya na dogon lokaci, alhali ranar zaɓe tana da farko da ƙarshe, da cunkoson safe da na yamma. Shi ya sa masana kan koma ga kwaikwayon ranar a kwamfuta, a maimaita ta sau dubbai da yanayi daban-daban a ga sau nawa layi ke wuce iyaka. Duk da haka, sakamakon bai fi ingancin alƙaluman da aka shigar ba. Idan an yi hasashen mutum 800 sai 1,200 suka zo, babu manhajar da za ta cece rumfar.

Akwai kuma waɗanda ƙirga ba ta kamawa: wanda ya hango layi daga mota ya juya, da wadda ta tsaya minti arba'in sannan ta fita don ɗauko yaro daga makaranta. Ficewarsu tana gajarta layin, har rumfar ta fito da kyau a takarda. Theodore Allen na jami'ar jihar Ohayo ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 200,000 ne suka haƙura da zaɓe a Filorida a 2012 saboda layi. Nauyin ya fi faɗa wa mai aikin da ake biya da awa, da tsoho, da mai lalurar jiki, da mai reno. Binciken Stephen Pettigrew ya ƙara nuna cewa wanda ya sha dogon jira yakan rage fitowa a zaɓen da ke biye, wato layin bana yana rage ƙuri'un baɗi.

Idan aka auna rumfar Najeriya da wannan ma'auni

Tsarin Najeriya ya bambanta ta hanyoyin da ke da tasiri kai tsaye a lissafin. Ana zaɓe ranar Asabar tare da taƙaita zirga-zirga, don haka babu gaggawar wucewa wurin aiki, amma a zaɓen 2023 babu zaɓen wuri ko na gidan waya da zai baza masu zuwa, kuma lokacin da aka ware daga 8:30 na safe ne zuwa 2:30 na rana, tare da sharaɗin cewa duk wanda ke kan layi a lokacin rufewa zai yi zaɓe. Takardun ƙuri'a gajeru ne, dangwala yatsa ne a gefen alamar jam'iyya, saboda haka matakin da ya fi riƙe mutane shi ne tantancewa. Jama'a kuma sukan taru tun da sassafe, a wurare da yawa har su rubuta wa kansu lamba kafin malaman zaɓe su iso, abin da ke nufin rumfa tana fara wuni da babban bashi, kuma duk makarar kayan aiki tana ƙara shi.

Wasu sauye-sauyen da hukumar INEC ta yi za a iya karanta su da idon wannan ilimi. A 2015 ana tantance kowa ne tukuna da safe, sannan a dawo da rana a sake yin layi don jefa ƙuri'a, wato jira biyu ga mutum ɗaya. A shekarar ce na'urar karanta kati ta ƙi karɓar katin Shugaba Goodluck Jonathan a Otuoke na ɗan lokaci. Daga baya aka haɗe tantancewa da jefa ƙuri'a, aka kuma yi babban zaɓen 2019 a haka. A 2021 hukumar ta ƙara rumfuna 56,872 a kan kimanin 120,000 da ake da su tun 1996, jimla ta zama 176,846, kuma a shekarar ta fara aiki da na'urar BVAS mai duba yatsa ko fuska. Ƙara rumfuna ƙara guraben hidima ne, sai dai amfaninsa ya dogara ga ko masu zaɓe sun koma sababbin: a 2023 hukumar ta sanar cewa rumfuna 240 ba su da mai rajista ko ɗaya, alhali wasu tsofaffin rumfuna a birane suna ɗauke da dubbai.

Masu rajista a 2023 sun haura miliyan 93, wato kimanin mutum 530 ga kowace rumfa idan an raba daidai. Awa shida minti 360 ne. Idan aka ɗauka na'ura ɗaya tana tantance mutum a minti ɗaya, ƙarfinta mutum 360 ne, kusan kashi biyu cikin uku na masu rajistar matsakaiciyar rumfa. Idan minti biyu take ɗauka, saboda yatsan da ya ƙi kamawa ko hasken rana da ya hana ɗaukar fuska, ƙarfin ya sauko 180, kimanin kashi ɗaya cikin uku. Waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa a 2023 ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba, don haka matsakaiciyar rumfa ta tsira ko a hali na biyu. Rumfa mai masu rajista 1,500 kuwa, ko da kashi 27 ɗin ne suka fito, mutum 405 ke nan, sun zarce abin da na'ura ɗaya za ta sallama a awa shida ko da tana aiki a minti ɗaya ba tsayawa. Idan kuma fitowar ta kai kashi 60 a wani zaɓe mai zafi, matsakaiciyar rumfar ma za ta karɓi mutum kusan 320, nauyin kashi 88 cikin ɗari a kan na'urar da ke tantancewa a minti ɗaya, tun kafin a sa makarar safiya a lissafi.